Bututun sitenles ya fara yoyo ta bakin walda, canzawa zuwa sitenles 316 zai magance ko asarar kuɗi ce?

Ɗan Mentinas ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, injiniyoyi da ogannin walda, dan Allah ina neman haske akan wani abu da ya ɗaure min kai. A masana'antar da nake aiki muna da layin ruwa da ke tasowa daga tanki ya shiga hita, ya fito da zafin digiri 70 zuwa 80, daga nan ya rarrabu zuwa wajen injina. Da can bututun baƙin ƙarfe ne a wajen, yana tsatsa ruwa na fitowa ja-ja kowa na ƙorafi amma dai ya yi shekaru yana aikinsa, sai manya suka ce a cire shi a sa sitenles nau'in 304 kowa ya huta tunda shi ba ya tsatsa. Toh an sa, an yi gwajin matsin ruwa ya wuce lafiya lau, sai layin ya zauna da ruwan gwajin a cikinsa na 'yan watanni saboda ana jiran wasu injina su iso, daga baya aka kunna.

Yanzu ko shekara biyu bai rufa ba sai ga yoyo. Ba fashewa ya yi ba, huji ne ƙanana ƙanana da kyar ido ke ganinsu, sai dai ka ga ɗigon ruwa da ɗan jan tabo a gefe, kuma yawancinsu a bakin walda suke ta ƙasan bututun, akwai kaɗan a fuskar filanji, wato faifan da ake ɗaure bututu biyu da noti, ƙarƙashin gaskit ɗin da ke hana yoyo a tsakaninsu. Sauran jikin bututun fes yake yana ƙyalli. A ɓangaren zafi kuma da muka buɗe abin naɗin da aka rufe bututun da shi mun tarar da shi jiƙe sharkaf, ga wasu siraran tsage-tsage masu rassa kusa da wata gwiwa, wato inda bututun ya karya kwana. Ruwan na rijiyar burtsatse ne, takardar lab ta nuna kuloraid, wato sinadarin gishiri, ya ɗan haura miligiram 400 a lita.

Abinda nake son sani, shin wanda ya kawo mana kayan ne ya ha'ince mu ya bamu jabu, domin na kanga maganaɗisu a gwiwar nan ya ɗan kama? Kuma idan muka canza zuwa 316 kamar yadda manaja ke cewa shikenan an wuce wajen? Ni dai tsoro nake kar a sake narka kuɗi a dawo gidan jiya.

Oga Mai Agon ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena kafin ku zagi mai kaya ku yanko guntu ɗaya mai walda a tsakiyarsa, ku raba shi biyu ta tsawo, ku kalli cikin. Ni tun daga nan zan iya ce maka abinda za ku gani, zoben shuɗi da ruwan ƙasa a gefe da gefen waldar, wani wajen ma baƙin abu mai kaushi ya taru a tushen ɗinkin. Wannan aikin wanda ya yi walda ne ba tare da ya cika cikin bututun da agon ba, wato gas ɗin da ke hana iska taɓa walda. Mutane da yawa sun ɗauka agon ɗin da ke fita ta bakin tocin waldar TIG ya wadatar, alhali shi waje kawai yake karewa, ciki kuwa iska ce ke dukan ƙarfe yana ja zur, sai ya ƙone. Dole a toshe bakin bututu biyun a tura agon ya kori iska kafin a kunna wuta, kuma a bar shi yana gudu har ɗinki na farko da na biyu su huce. Wannan launin da kake gani ba ado ba ne, wajen ya rasa kuromiyam ɗin samansa ne, kuma nan ruwa zai fara ci. Ko an yi waldar da kyau in launi ya fito sai an wanke da man asid ɗin nan na wankin sitenles, wanda ake haɗawa da naitirik da haidirofulorik, kuma wlh ba abin wasa ba ne sai da safar hannu da gilashin fuska, yana ratsa fata har ƙashi.

Sannan ka tambayi yaran da suka yi aikin da wane faifan giranda da wane burushin waya suka yi amfani. Idan wanda suke gyaran baƙin ƙarfe da shi ne toh sun dasa ɓurɓushin ƙarfe a jikin sitenles ɗin, shi zai fara tsatsa ya buɗe ƙofa. Kayan sitenles dabam ake ware su, har benci. Ka duba kuma ko 304 ne zalla ko 304L, mai L ɗin kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba, shi ake so wajen walda, da wayar walda 308L. Wanda ba L ba in ya daɗe a zafin da ke tsakanin digiri 425 da 870 kabon ɗin na kama kuromiyam ya bar gefen walda tsirara.

Maganar maganaɗisu kuma ka bar ta, ba hujja ba ce. 304 na gaske in an lanƙwasa shi a sanyi kamar gwiwa ko an buga shi yana ɗan kama maganaɗisu, ita kanta waldar tana ɗan kamawa. Kuma 201 mai araha wanda aka rage masa nikel aka cika da manganis shi ma ba ya kamawa, kaga kenan wanda zai cuce ka da 201 gwajin maganaɗisu ba zai tona shi ba. Ku nemo masu bindigar gwajin ƙarfe su ɗora a kai, cikin daƙiƙoƙi za ta nuna kuromiyam nawa nikel nawa, sai dai irin ta eksire ba ta karanta kabon, L ko ba L ba sai a takardar kamfanin da ya narka ƙarfen ko wata na'urar dabam.

Injiniyan Tsatsa ya amsa:

Oga Mai Agon ya faɗi gaskiya akan walda, amma ni ina ganin ko mala'ika ne ya yi waldar nan 304 ba zai kai labari a wannan ruwan da wannan zafin ba, walda mara kyau ta gaggauta abin ne kawai.

Malam Ɗan Mentinas bari in ɗan ja maganar daga tushe. Sitenles ba wai ƙarfe ne da tsatsa ke jin tsoronsa ba, ƙarfe ne da aka zuba masa kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi kuromiyam ɗin in ya haɗu da oksijin sai ya yi wata fata siririya a sama wadda ido ba ya gani, kaurinta 'yan nanomita ne, in aka karce ta kuma akwai oksijin a wajen sai ta sake rufe kanta. Duk kariyar a wannan fatar take. 304 yana da kuromiyam wajen 18 da nikel wajen 8, 316 kuma an ƙara masa molibdenam kashi 2 zuwa 3. Kuloraid shi ne babban abokin gabar fatar nan, ba ya cin ta gaba ɗaya, waje ɗaya mai rauni yake nema ya huda, bakin walda da ya ƙone ko ƙarƙashin datti ko matsatsin gaskit inda oksijin ba ya shiga. Da zarar ramin ya fara toh ya zama mai ciyar da kansa, ruwan cikin ramin oksijin ɗinsa ya ƙare, kuloraid na ƙara shigowa, ya koma asid mai ƙarfi duk da ruwan bututun lafiyayye ne, sauran faffaɗan jikin bututun mai ƙyalli kuma shi ke jan wutar da ke ci gaba da cinye ɗan ƙaramin wajen. Shi yasa bakin hujin ƙarami amma in ka yanka za ka tarar da kogo a cikin kaurin ƙarfen, aikin gara sak, waje lafiya ciki an gama.

Ƙa'idar da aka saba bi a ruwan sanyi mai tsaka-tsakin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ita ce 304 har kusan miligiram 200 na kuloraid a lita, 316 har kusan 1000. Ku kun ninka iyakar 304 tun a sanyi, sannan kuka ƙara masa zafin 80. Waɗannan lambobin na zafin ɗaki ne fa, zafi na hawa suna sauka. Akwai wani lissafi da muke kwatanta ƙarafan da shi, PREN, wato kuromiyam a tara da moli sau 3.3 a tara da naitirojin sau 16. 304 na faɗowa wajen 18 zuwa 20, 316 wajen 24 zuwa 26, wani nau'in sitenles da ake kira dufuleks 2205 wajen 35, sufa dufuleks 2507 sama da 40, kuma sai an kai wajen 40 ɗin nan ake maganar ruwan teku da kuloraid ɗinsa ya kai kusan 19,000. Masu cewa 316 ƙarfen teku ne su je su jiƙa shi a ruwan teku mai ɗumi da ba ya motsi su gani.

Amma abinda ya fi tayar min da hankali a bayaninka ba hujin ba ne, tsagar nan ce mai rassa. Wannan cuta ce dabam. Abu uku ke haɗuwa su kawo ta, kuloraid, zafi sama da digiri 60 ko kusa da haka, da kuma ɗaurin da ke cikin ƙarfen, wanda walda da lanƙwasa suka bari ko nauyin layin. Gwiwarka ta haɗa duka ukun. Kuma ina kyautata zaton daga waje ta fara, ruwan yoyo ya jiƙa abin naɗin, ya taɓa bututu mai zafi ya ƙafe ya bar gishirinsa, wani ya sake zuwa ya ƙafe, a haka 400 ɗinka zai zama dubbai a kan fatar ƙarfen. Toh anan ne maganar manajanku ta faɗi, domin 316 ya fi 304 jure huji amma wajen irin wannan tsagar bambancinsu kaɗan ne, 'yan gida ɗaya ne. Ita kuma ba ta ba da sanarwa, ƙarfe bai rage kauri ba bai yi ja ba sai dai ya balle. A 1985 a garin Uster na ƙasar Suwizalan silin ɗin kankare na wani wurin ninƙaya ya rufto ya kashe mutum 12, sandunan sitenles da suka riƙe shi ne suka tsattsage saboda iskar kulorin ta wajen, kuma zafin wurin ko kusa da 60 bai kai ba, kaga ita ma iyakar 60 ɗin ba aya ba ce.

Ni da za a tambaye ni, ɓangaren sanyi 316L da walda mai tsafta zai iya riƙewa, ɓangaren zafi kuwa 2205. Kuromiyam 22, nikel wajen 5, moli 3 da ɗan naitirojin, rabin tsarinsa irin na 304 rabi irin na ƙarfe mai kama maganaɗisu, tsaga in ta taso sai ta yi ta cin karo. Ƙarfinsa ma ya ninka, a ma'aunin matsi yana fara lanƙwasa ne a wajen MPa 450 inda 304 ke wajen 205, don haka sau da yawa ana iya rage kauri a rage tsada. Wani abu kuma da ake mantawa in an cire baƙin ƙarfe an sa 304 ko 316 a kan tsoffin madogarai, sitenles ɗin nan ya fi miƙewa da zafi, ma'aunin miƙewarsa wajen 17 ne inda baƙin ƙarfe ke 12, wato layi mai mita 50 in ya tashi daga digiri 20 zuwa 80 zai ƙaru da kusan milimita 50, baƙin ƙarfe kuma wajen 36. In an ɗaure shi tamau ba wajen motsi, gwiwa ce ke shan wahalar.

Ɗan Mentinas ya sake rubutawa:

Nagode ƙwarai Oga da Injiniya Allah ya ƙara basira. Mun yanko guntun, kamar Oga yana wajen, shuɗi da baƙi ne zagaye da waldar ta ciki. Amma akwai wani abu kuma, a ƙasan bututun akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin ƙasa ƙasa masu santsi, in ka kankare sai ka ga ramin a ƙarƙashi, har da wajen da ba walda. Sannan na manta ban faɗa ba, tsoffin bawul guda guda na baƙin ƙarfe da wasu na tagulla ba a canza su ba an haɗa su da sabon layin haka nan, ko su ne suka jawo?

Hajiya Mai Lab ta amsa:

Malam wannan ƙulle-ƙullen da ka gani da kuma cewa duk a ƙasan bututu suke su suka sa na shigo maganar. Ni tun da na karanta cewa ruwan gwaji ya kwana a ciki wata da watanni na ce an gama da layin nan tun kafin a kunna shi. Ruwan rijiya da ba a tace ba ba a kashe ƙwayoyin cikinsa ba yana ɗauke da bakteriya, in ya samu waje ya zauna sai su manne a bango su yi yauƙi su gina gida, wasu irinsu ƙarfe da manganis ɗin cikin ruwa suke tarawa su yi wannan tudun, a ƙarƙashinsa kuma inda babu oksijin wasu ke zama masu juya salfet zuwa salfaid. In ka kankare wani ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko ka ga baƙi a ƙasan toh su ne. Irin wannan cin yana da sauri sosai, bututun sitenles na iya hujewa cikin watanni, kuma sun fi son bakin walda saboda kaushinsa. Shi ma 316 ba ya tsira daga wannan, an sha ganin haka.

Abinda aka saba sharɗantawa wajen gwajin matsi na sitenles shi ne ruwa mai tsafta da kuloraid ɗinsa bai wuce 50 ba, kuma ana gama gwaji a zubar a busar da iska, ba a bar shi ya ƙafe da kansa ba domin 'yan kududdufan da suka rage a ƙasa su ke tattara gishirin. In ba za a iya zubarwa ba toh a riƙa zagaya ruwan akai akai. Sitenles ruwa mai gudu yake so, ya samu oksijin kuma datti bai kwanta ba, don haka ka bi layin ka nemo duk wani reshe da aka toshe bakinsa ko bawul da ba a buɗewa, nan ne za ka fara samun matsala ko da wane ƙarfe aka sa.

Sai dai kar jin haka ya sa ku antaya bilic a tanki da ka. Kulorin kaɗan yana kashe ƙwayoyin, in ya yi yawa shi da kansa yake ƙara wa hujin ƙarfi, 304 ana so a tsaya ƙasa da miligiram 2 a lita in kullum ne, kuma ba a zuba mai kauri kai tsaye kan ƙarfe. Wani kuskuren da nake yawan ji shi ne a ce ai mun sa injin tausasa ruwa, wannan kalsiyam da magniziyam yake cirewa, kuloraid yana nan daram, in ma ba a ɗauraye shi da kyau bayan an yi masa wankin gishiri ba ƙari zai yi. Mai cire kuloraid shi ne RO, wato injin da ke tace gishiri daga ruwa. Ni da ku ne kafin a sayi ko mita ɗaya na sabon bututu sai in sake kai ruwan lab a duba kuloraid, pH, salfet, ƙarfe, manganis da ƙwayoyi, kuma a ɗebo a lokuta dabam dabam saboda ruwan rijiya yana canzawa. A lissafa kuɗin gyara ruwan a kwatanta da kuɗin 2205, wani lokacin gyaran ruwa ya fi sauƙi kuma hita da injina ma za su amfana. In za ka kai samfurin ƙullin nan kar ka bari ya bushe, a jiƙe ake kai shi kuma da wuri.

Baba Sifeto ya amsa:

Yaro bawul ɗin nan ba su suka huda maka sitenles ba, su ne ma abin tausayi. In ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu a cikin ruwa mai ɗaukar wuta, mai rauni ne ke narkewa ya kare mai ƙarfi. Jerin yana tafiya ne daga magniziyam, tutiya, goran ruwa, baƙin ƙarfe, sai jan ƙarfe da tagulla, sai sitenles, taitaniyam, can ƙarshe girafait. Baƙin ƙarfe ɗan ƙarami manne da dogon layin sitenles shi ne mafi munin haɗi, duk cin zai taru a kansa, ka kwance ɗaya ka duba cikinsa da zaren notinsa za ka ba ni labari. Da akasin haka ne, ɗan notin sitenles a jikin ƙaton baƙin ƙarfe, da ba komai. Laifinsu ɗaya dai, tsatsar da suke zubarwa tana bin ruwa ta kwanta a ƙasan sitenles ta yi masa rufi. Na tagullan kuma ka duba ko sun fara yin ja-ja da farin gari a jiki, alamar tutiyar cikinsu na zubewa kenan, ruwan zafi mai kuloraid yana yi wa tagulla mai yawan tutiya haka. Gaskit ɗinku ma ka duba, in mai girafait ne a canza, yana zuga cin fuskar filanji. Wannan matsalar ta haɗa ƙarfe biyu ita ta ci mutum-mutumin 'yanci na birnin Niyu Yok, fatarsa jan ƙarfe ƙashin cikinsa baƙin ƙarfe, abinda aka sa tsakaninsu ya lalace ya riƙa riƙe danshi, sai da aka canza sandunan da 316L a gyaran 1984 zuwa 1986.

Ni kuma bari in ɗan kare baƙin ƙarfe tunda kowa ya raina shi. Mu masu duba layi mun fi samun barci da shi, domin cinsa a fili yake, yana raguwa a hankali, ka ɗora na'urar auna kauri bana ka ɗora baɗi ka san saura shekara nawa, shi yasa ake ƙara masa milimita 3 tun a zane saboda tsatsa. Sitenles kuwa na'urar za ta ce maka kauri cif alhali rami na gefe da ɗan yatsa. Da layinku rufaffe ne ruwa ɗaya ke zagayawa da na ce ku koma baƙin ƙarfe ku sa maganin hana tsatsa, oksijin na ƙarewa cin ya tsaya. Amma naku kullum sabon ruwa ke shigowa da sabon oksijin, jan ruwan zai dawo. Kuma kar wani ya ce galbanaiz, wato baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, sama da digiri 60 a wasu ruwayen tutiyar na daina kare ƙarfen har ta juya ta sa shi hujewa.

Babu ƙarfen da ya fi kowa, kowanne da abinda ke kashe shi. Salfurik asid mai kauri sosai a tankin baƙin ƙarfe ake ajiye shi, ruwa ya shiga ya tsinke kuma ya cinye tankin. Taitaniyam da ke shekaru a ruwan teku, busasshen kulorin na sa shi kama wuta. Jan ƙarfe da tagulla ba a kai su layin amoniya. Kai ko cikin baƙin ƙarfen ma ɗan bambanci na kisa, gobarar matatar man Chevron ta Ricmon a Kalifoniya ranar 6 ga Agusta 2012 guntun bututu ne mai ƙarancin silikon, salfa mai zafi ta cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurinsa alhali wasu sassan layin da ake aunawa ba su nuna haka ba, mutum wajen 15,000 na unguwannin kusa suka je asibiti. Don haka in an kawo sabon kaya ko me aka rubuta a jiki a ɗora bindiga kan kowane guntu, har gwiwa da wayar walda.

Oga Mai Agon ya ƙara:

Injiniya 2205 ɗin da kake ta yabo ka faɗa masa gaskiya fa, ba kowa ke iya waldarsa ba. Waya 2209 yake so, zafi tsakanin ɗinki da ɗinki kar ya wuce digiri 150, in ya huce da sauri matsala in ya daɗe da zafi matsala. Wanda bai iya cika 304 da agon ba ka miƙa masa dufuleks ai kuɗin ne kawai zai ƙaru, yoyon na nan. Su fara sa mai waldar ya yi gwaji a guntu a yanka a gani.

Ɗan Mentinas:

Toh Baba kafin manya su yanke shawara me zan yi da layin yanzu, in bi hujin da walda ɗaya bayan ɗaya?

Baba Sifeto:

Hujin ɓangaren sanyi ka ɗaura masa kilam mai roba ya riƙe ku na ɗan lokaci, in ka ɗiga walda a baki kogon na ciki da gishirinsa, gefe zai sake ɓullowa. Ɓangaren zafi kuwa kar ka kusanci tsagar nan da wuta, ƙara gudu za ta yi. Ku cire duk abin naɗin da ya jiƙe, ku wanke bututun da ruwa mara gishiri, ku fesa jan maganin gano tsaga a kowace gwiwa da kowace walda, duk guntun da ya nuna a yanke shi gaba ɗaya har a wuce ƙarshen tsagar da tazara. In za a mayar da naɗi a fara shafa fenti mai jure zafi ko a naɗe da takardar goran ruwa, a sa abin naɗi mai ƙarancin kuloraid irin wanda ya cika ƙa'idar ASTM C795, a rufe bakin kwanon sama yadda ruwa ba zai shiga ba. Kafin a gama wannan ku killace ƙarƙashin gwiwar nan da igiya kar kowa ya riƙa wucewa, ruwan digiri 80 ne a ciki da matsi.